Mary Harris Smith, Mace Ta Farko Da Ta Zama Cikakkiyar Akanta A Duniya

Yau za mu kawo muku tarihin wata baturiyar Ingila mai suna Mary Harris Smith, wadda ta buɗe ofis nata na kanta na aikin lissafin kuɗi a zamanin da ba a yarda mace ta yi wannan aiki ba, ta kuma yi shekara da shekaru tana neman manyan akantocin ƙasarta su amince da ita, ba su amince ba sai da ta kai shekara 75 da haihuwa. Uwargida, ki ɗan ajiye aikin da ke hannunki ki saurara. Ke kuma 'yar makaranta da kike ɓata rai duk sa'ad da malamin lissafi ya shigo aji, ki matso kusa, domin labarin nan ya fi shafarki.

An haifi Mary a birnin Landan cikin watan Nuwamba na shekarar 1844, zamanin mulkin Sarauniya Biktoriya. Mahaifinta ma'aikacin banki ne, yakan kuma zo gida da littattafan lissafi ya ƙarasa aikin da bai gama a ofis ba. To, a nan ne yarinyar ta fara sha'awar lambobi, tana zama kusa da shi tana taya shi tarawa da ɗebewa. Da uban ya lura kanta yana ja, bai kore ta ya ce wannan ba aikin mata ba ne. Sa'ad da ta kai shekara 16 sai aka haɗa ta da wani malami na makarantar King's College da ke Landan ya riƙa koya mata lissafi mai zurfi. Ku iyaye mata ku lura da wannan wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu mata akwai irin wannan baiwa gare su, sai dai ba a kula ba har ta dushe.

Ya kamata ki san yadda matan Ingila suke a wancan lokaci, don ki gane girman abin da Mary ta yi. Yarinyar da ta fito daga gidan masu rufin asiri, in ba ta yi aure ba, abin da aka san za ta iya yi don ta ci abinci bai wuce renon 'ya'yan masu kuɗi da koya musu karatu a gida ba, ko kuwa ɗinki. Aikin akawu a ofis na maza ne. Matar aure kuwa, duk abin da ta samu da guminta, a dokar ƙasar ba nata ba ne, na mijinta ne. Sai a shekarar 1870 aka yi dokar da ta bar wa matar aure kuɗin da ta samu ta hanyar aikinta, sa'an nan a 1882 aka yi wata wadda ta ba ta ikon mallakar dukiyarta baki ɗaya. Na san wannan zai ba ki mamaki, ke da kika saba ribar sana'arki taki ce, ba mai taɓa miki ita sai da yardarki.

Ganin wannan hali ne ya sa waɗansu mata, cikinsu har da Jessie Boucherett, suka kafa wata ƙungiya a Landan a shekarar 1859 don samar wa mata aikin yi. Cikin abubuwan da ƙungiyar ta fara yi akwai buɗe ajin koyar da riƙon littattafan kuɗi. A shekarar 1860 Mary ta shiga wannan aji, tana cikin 'yan farkon da suka yi karatu a cikinsa.

Watakila ki ce, mene ne abin koyo a rubuta kuɗi a littafi? Bari in ɗan bayyana miki. Hanyar da akantoci suke bi ita ce, kowane ciniki ana rubuta shi sau biyu, a wuri biyu. A misali, in makarantar ɗinki ta sayi zare na fam 5 ta biya nan take, sai a rubuta a shafin kuɗi cewa fam 5 sun fita, a kuma rubuta a shafin kaya cewa zare na fam 5 ya shigo. In an sayar da tufa bashi, sai a rubuta a shafin ciniki cewa an sayar, a kuma rubuta a shafin mai sayen cewa ana bin sa kaza. A ƙarshen wata ko ƙarshen shekara sai a tara ɓangarorin nan biyu. In sun yi daidai da juna, alama ce aiki yana kan hanya. In kuwa ko kwabo ɗaya ya saɓa, to, akwai kuskure ko ha'inci a wani wuri, sai an bi layi layi an gano shi. Wannan hanya tsohuwa ce, fataken ƙasar Italiya suka daɗe suna aiki da ita, har wani malami mai suna Luca Pacioli ya bayyana ta a littafin da aka buga a birnin Benis a shekarar 1494. Aikin odita kuwa shi ne ya zo daga waje ya duba littattafan, ya gwada su da rasit da takardun banki, sa'an nan ya sa hannu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Kin ga ke nan aiki ne na amana, wanda ba a ba wa kowa sai wanda aka yarda da shi.

Da Mary ta gama karatu sai ta samu aiki a wani kamfanin fatauci a tsakiyar birnin Landan, inda ta yi shekara 9 tana riƙe musu littattafai. Daga nan aka ɗauke ta akantar Makarantar Koyon Ɗinkin Ado ta gidan sarauta, wadda aka kafa a 1872, wadda kuma Gimbiya Helena 'yar Sarauniya Biktoriya take shugabanta. Aikinta a wannan makaranta ya sa sunanta ya fara fita. Waɗansu ƙungiyoyi suka riƙa aiko mata da littattafansu ta duba musu. Da ta ga masu neman aikinta suna ƙaruwa, sai a shekarar 1887 ta buɗe ofis nata na kanta, ta zama akanta mai zaman kanta, wadda duk mai bukata zai zo ya biya ta yi masa aiki.

Ki lura da lokacin da ta yi haka. Ta haura shekara 40 da haihuwa, ta kuma yi fiye da shekara 20 tana aiki a ƙarƙashin waɗansu. Ba ta yi gaggawar kafa allo a ƙofa tun tana ɗanyar hannu ba. Ta bari sai da ta san aikin ciki da waje, sai da aka san ta da gaskiya, sai da ta ga masu kawo aiki da idonta, sa'an nan ta bar albashi. Wanda ya bar albashi ya koma cin gashin kansa, shi zai biya kuɗin hayar ofis, shi zai sayi takarda da tawada, in wata ya ƙare ba a kawo aiki ba kuwa ba wanda zai ba shi ko anini. Jarin akanta bai kai na mai kanti ba, amma babban jarinsa shi ne sunansa, in ya ɓaci ko sau ɗaya ne, da wuya ya gyaru.

Wata dabarar da Mary ta yi ita ce, ta fara da mutanen da suka riga suka san ta. A lokacin nan matan Ingila sun kafa ƙungiyoyi da yawa, na taimakon marasa ƙarfi, da na ma'aikata mata, da na neman a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. Kowace ƙungiya tana karɓar gudummawa daga jama'a, tana kuma bukatar wanda zai duba lissafinta a ƙarshen shekara don masu bayarwa su san ba a ci kuɗinsu ba. Mary ta zama oditar irin waɗannan ƙungiyoyi da dama, har da ƙungiyar nan da ta koya mata aikin tun tana budurwa. Ba ta kuma ɓoye cewa ita mace ce ba, da sunan akanta mace take tallata aikinta.

Amma fa akwai abu ɗaya da ya rage mata, watau shaidar ƙungiyar akantoci. A shekarar 1880 Sarauniya ta ba manyan akantocin Ingila da Wels takardar izini suka kafa cibiyarsu, wadda ake taƙaita sunanta da ICAEW. Wanda duk cibiyar nan ta karɓa, shi ake kira cikakken akanta mai shaidar sarauta, kuma shi manyan kamfanoni da bankuna suke nema. Hanyar shiga ga matasa ita ce mutum ya yi shekara 5 yana koyon aiki a ofishin wani ɗan cibiyar, iyayensa su biya kuɗin koyo, sa'an nan ya ci jarrabawa. A 1885 waɗansu akantocin suka kafa ƙungiya ta biyu mai kama da ita. Duka biyun ba mace ko ɗaya a cikinsu. Rashin wannan shaida ba ƙaramar asara ba ce ga mai ofis, musamman da yake daga shekarar 1900 doka ta tilasta wa kamfanonin Ingila su riƙa sa odita yana duba lissafinsu kowace shekara, watau aiki ya yawaita, amma mai tsokar yana tafiya wajen masu shaida.

Ba da daɗewa da buɗe ofishinta ba Mary ta rubuta wa ƙungiya ta biyun tana neman shiga. Aka ƙi ta, ba don an samu aibi a aikinta ba, sai don ita mace ce. Ta sake nema, aka sake ƙi. A shekarar 1891 sai ta nufi babbar cibiyar. Kwamitin da yake duba takardun masu neman shiga ya ga ta cancanta, har ya ba da shawarar a karɓe ta. Sai lauyan cibiyar ya duba takardar izinin Sarauniya, ya ce ai duk inda aka ambaci ɗan cibiya a cikinta, da kalmar shi aka ambace shi, ba inda aka ce ita, saboda haka ba halin a karɓi mace. Da wannan hujja aka rufe mata ƙofa. Bayan 'yan shekaru da maganar ta sake tasowa, shugaban cibiyar na lokacin, Charles Fitch Kemp, ya nuna cewa shi gara ya sauka daga kujerarsa da a ce a zamaninsa aka shigo da mata.

'Yar'uwa, tsaya ki auna wannan. Mace ta yi shekara 30 tana aiki, littattafanta ba gyara, waɗanda aka ɗora wa alhakin dubawa sun ce ta isa, sa'an nan a ce kalma ɗaya a takarda ta hana. Da wata ce, da ta yi fushi ta rufe ofis ta koma gida. Wata kuma da ta bar aikin ta koma yawon kai ƙara da zage-zage har masu kawo mata aiki su gudu. Mary ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da buɗe ofishinta kowace safiya, tana aikin da ya zo mata, tana kuma sabunta neman shiga duk sa'ad da ta ga hali. Ta san ranar da za a buɗe ƙofa, abin da za a fara tambaya shi ne aikin da ta yi, saboda haka ba ta bar aikin ya mutu ba.

Sannu a hankali abubuwa suka fara sakewa. A shekarar 1909 wata ƙungiyar akantoci ta Landan, wadda daga baya ta zama ACCA, ta karɓi wata mace mai suna Ethel Ayres Purdie, ita ce mace ta farko da wata ƙungiyar akantoci ta karɓa a ƙasar. Sa'an nan yaƙin duniya na farko ya zo, daga 1914 zuwa 1918. Maza suka tafi fagen fama, ofisoshi da bankuna suka zama ba akawuna, dole aka ɗauki mata, suka kuwa riƙe aikin. Bayan wannan ba wanda zai iya tsayawa ya ce mace ba ta iya lissafi ba. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 suka kuma cika waɗansu sharuɗɗa 'yancin jefa ƙuri'a. Ƙungiyar nan ta biyu ta gyara dokokinta, a watan Nuwamba na 1919 ta ba Mary matsayin girmamawa a cikinta. A watan Disamba na 1919 kuma majalisar dokokin Ingila ta yi dokar da ta hana a tsare wa mutum shiga irin waɗannan ayyuka saboda jinsinsa ko saboda aure. Wannan doka ce ta buɗe wa mata aikin lauya da na akanta.

Da dokar ta fito, Mary ta sake miƙa takardarta ga babbar cibiyar. A watan Mayu na shekarar 1920 aka karɓe ta, aka kuma ba ta matsayin manyan 'yan cibiya. Shekara 29 ke nan daga ranar da lauya ya rufe mata ƙofa, tana da shekara 75 da haihuwa. Ta haka ta zama mace ta farko a duniya da ta samu wannan shaida ta cikakkiyar akanta. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mary ta daɗe ƙwarai, kuma bai kamata mu rufe ido ga abin da jinkirin ya cinye mata ba. Shekarun ƙarfinta duka ta yi su ba shaida, manyan ayyukan da suka dace da ita sun wuce ta, kuma shaidar ta zo mata ne lokacin da tsaranta suka daɗe da barin aiki. Duk da haka ta ci gaba da aiki na waɗansu shekaru, har rashin lafiya ya sa ta ajiye alƙalami. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar 1934 a garin St Leonards da ke bakin teku a kudancin Ingila, tana da shekara 89.

Amfanin naciyarta na baya ne suka fi cin sa. A shekarar 1924 wata mai suna Ethel Watts ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar ta hanyar cin jarrabawa. A 1999 mace ta hau kujerar shugabancin cibiyar, watau Sheila Masters, kujerar nan da wani ya taɓa cewa gara ya bar ta da ya ga mata sun shigo. A shekarar 2020 kuwa, da aka cika shekara 100 da karɓar Mary, aka kafa allon tunawa da ita kusa da inda ofishinta yake a tsakiyar Landan.

Ƙofar da ta buɗe har 'yan ƙasarmu sun bi ta cikinta. Akintola Williams, wanda shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya zama cikakken akanta, a wannan cibiya ta Ingila ya samu shaidarsa a 1949, ya dawo Legas ya buɗe ofis nasa na kansa a 1952. A 1963 kuma Olutoyin Olakunri ta samu tata shaidar a can, ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta kai wannan matsayi. Da aka kafa cibiyar akantocin Nijeriya, watau ICAN, a shekarar 1965, ba a sake yin gardamar shi da ita ba, har ma ita Olakunri ta shugabanci cibiyar a 1994.

To, 'yar makaranta, ga inda maganar ta zo kanki. Abin da Mary ta yi shekara 29 tana nema, ke ba wanda zai hana ki shi saboda ke mace ce. Abin da zai hana ki shi ne ki guje wa lissafi tun daga firamare, ko a cire ki daga makaranta kafin ki kai ko'ina. Ki riƙe lissafi da Turanci da kyau, in ba ki gane ba ki tambaya, kada kunya ta hana ki ɗaga hannu a aji. Aikin akanta kuwa aiki ne na zama da natsuwa, wanda mace za ta iya yi da mutuncinta. Makarantu da asibitoci da kantuna da ƙungiyoyin mata duk suna bukatar mai riƙe musu lissafi, kuma mata da yawa sun fi sakin jiki su buɗe wa 'yar'uwarsu mace asirin kuɗinsu.

Ke kuma uwargida, ko ba ki yi karatu mai zurfi ba, akwai rabonki a cikin wannan labari. Sana'o'i nawa ne na cikin gida suka mutu ba don rashin ciniki ba, sai don ba a san uwar kuɗi daga riba ba? A yi ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko kitso, kuɗi su shigo, a cire na cefane, a cire na biki, a ba maƙwabciya bashi ba a rubuta ba, bayan wata uku a duba a ga jari ya tafi. Ki samu littafi guda na rubutu, ki raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da ya shigo, gefe ɗaya abin da ya fita. Ki ware wani shafi na masu cin bashi, da sunansu da ranar da suka karɓa. Kuɗin sana'a ki ajiye su dabam da na gida, in kin ɗiba don wata bukata ki rubuta, in kin zuba adashi ki rubuta. Kowace Juma'a ki tara ki ga ko abin da ke littafi ya yi daidai da abin da ke hannunki. In ba ki iya rubutu ba, ki sa 'yarki 'yar makaranta ta riƙa rubuta miki. Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, domin ita ma Mary a gefen mahaifinta ta fara koyo.

Ga maigida kuma, in takardar nan ta faɗa hannunsa, muna roƙon ya tuna cewa duk abin da Mary ta zama, ya samo asali ne daga uban da ya ga 'yarsa tana son lambobi ya nemo mata malami.